Mai ganin duhu ma ana iya ɓuya masa

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu ɗan fili mu warware wata gardama da ke yawan tsayar da wasa a teburan samarinmu na Agege da Idi-Araba masu buga Dungeons & Dragons, wasan nan na labari da ƙwayar ludo da ya fito a Amurka a 1974. Da zarar an ce jarumin wani yana gani a duhu, sai ya ɗauka ba mai iya ɓuya masa. Dokar bugu na biyar ba haka ta ce ba.

Ganin duhu yawanci iyakarsa ƙafa 60, wato gida 12 a kan allo, tunda kowane gida ƙafa 5 ne. A cikin wannan tazara, baƙin duhu yana komawa dishi-dishi ne kawai, kamar tsakar gida bayan magariba an ɗauke wuta, kuma babu launi sai toka-toka. A dishi-dishi kuwa, mai neman abu da ido zai jefa ƙwaya mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki ƙaramin sakamako. Idan ba jefawa ake ba, a rage masa 5 daga makin lurarsa, wato lambar da ke nuna kaifin lurar jarumin: mai 14 ya koma 9. To ɓarawon da ya samu 11 a sanɗa ya wuce shi ke nan. Wannan ragin ne masu jan labari, wato masu jagorantar wasan, suka fi mantawa, shi ya sa kwanton ɓauna ba ya ci a teburinsu. Kuma ganin duhu ba ya huda hazo, ba ya huda duhun tsafi, irin baduhun nan mai ƙafa 15 ta kowane gefe.

Halittar da ke ji a jikinta ba da ido ba, kamar jemage, ita ce maganin mai layar zana, hazo ma bai dame ta ba. Amma katanga ta tare ta.

Mai jin motsin ƙasa ya fi rikita mutane. Jin nan ba ya aiki sai shi da abokin gabarsa suna taka ƙasa ɗaya. Abin da ke tashi sama ya kuɓuce masa. Yana sanin gidan da mutum yake, amma bugun 2024, wato gyararren bugu na biyar, ya faɗa ƙarara cewa wannan ba gani ba ne, don haka in zai kai sara, jifa biyu ne a ɗauki ƙarami. Shi kuwa gani na haƙiƙa, duk tsadarsa, yana tona baduhu da layar zana da rufa-ido, sai dai hazo ba ya cikin abin da aka lissafa masa.

A ganinmu Pathfinder, wani wasa mai kama da wannan, bugu na biyu ya fi tsara lamarin: wanda ake hangowa dishi-dishi sai an samu 5 ko fiye a jifan ƙwaya kafin sara ya same shi, wanda aka san wurinsa ba a ganinsa sai 11.

Shawararmu ga mai jan labari: kafin a jefa ƙwaya, ya fara tambaya me ya rufe mutumin nan, duhu ne, hazo, katanga ko laya. Sannan kowa ya rubuta tazarar ganinsa da lissafin gida a saman takardarsa.

Wassalam.
Masu jan labari, Agege, Legas