Kafin a tambayi wane layi ya fi a Kano, a fara duba wayar da inda ake zaune

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi bayani kan muhawarar da ba ta ƙarewa a majalisun Kano, wato tsakanin MTN, Airtel, Glo da sauransu, wane layi ya fi sabis. Mu da muke aikin waya mun san babu amsa guda, domin layin da ke gudu a Zoo Road yana iya yin nauyi a cikin lungun Kurmi, kuma sau da yawa matsalar tana jikin wayar da ke hannu.

A fara da harafin da ke fitowa a saman waya. E na nufin 2G, irin fasahar da GSM ya shigo da ita Najeriya a 2001, ta isa kira da saƙon tes, amma buɗe hoto sai an yi haƙuri. H ko H+ shi ne 3G. LTE da 4G abu ɗaya ne. 5G kuwa sabo ne: Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangonsa, wato mitar da ake watsa shi a kai, a Disambar 2021, MTN ya fara shi a 2022 a birane bakwai har da Kano, Airtel ya biyo baya a 2023.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne maganar zango. Kowane kamfani yana da zangon da yake watsa 4G a kai, kamar yadda kowane gidan rediyo yake da nasa mita. Glo ya yi amfani da Band 28, wato 700MHz. Band 3, wato 1800MHz, shi ne aka fi tarayya a kansa. Akwai kuma Band 20 na 800MHz da Band 7 na 2600MHz. Wayar da ba a ƙera ta da zangon layinka ba, ba za ta kama 4G ɗinsa ba ko a gindin ƙarfen sabis kake, kuma wannan ya fi yawa a wayoyin hannu na biyu da aka yi don kasuwar Amurka ko Japan. Ƙaramin zango yana tafiya nesa, yana kuma ratsa bango. Babban zango yana ɗaukar data mai yawa amma bai da nisa. Shi ya sa 5G, da ke kan 3500MHz, za ka gan shi a bakin titi, kana shiga zaure mai kaurin bango ko ƙasan bene mai rufin kankare sai wayar ta koma 4G. Wanda zai sayi na'urar 5G ta gida ya gwada ta a ɗakin da za ta zauna, kusa da taga, kafin ya biya kuɗi.

Sandunan sabis ma suna ruɗar jama'a. Ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba su faɗin yawan mutanen da ke kan ƙarfe ɗaya. A Kantin Kwari ko Sabon Gari da rana tsaka, sanduna za su cika amma tiransifa ta tsaya, saboda dubban wayoyi da na'urorin POS suna rabon hanya ɗaya. Idan kuma unguwa guda ta ɗauke lokaci ɗaya, galibi ko dai janareton ƙarfen ya tsaya, ko masu aikin titi sun tsinke wayar faiba da ke binne a ƙasa. Abin da ke damunmu shi ne talaka ya canza waya sukutum a kan abin da bai shafi wayar ba.

Ga gwajin da ya fi jita-jita. Ka ari sim ɗin layin da kake sha'awa, ka sa a wayarka, ba a wayar mai shi ba. A Android, shiga saiti wajen bayanin sim za ka ga lamba da dBm, wato ma'aunin ƙarfin siginar: kusan -80 yana da kyau, daga -110 zuwa ƙasa ya yi rauni. Sai ka auna gudu da manhajar Speedtest sau uku, bayan asuba, da azahar, da bayan isha'i, a gida da kuma wurin sana'a. Awon daren shi ne abin lura, don lokacin ne cunkoso. Megabit 5 a daƙiƙa ya ishi kallon bidiyo. A sani awon yana cin data sosai. Masu sim biyu su lura cewa wasu tsofaffin wayoyi sim ɗaya kawai suke ba 4G, kuma tsohon sim sai an sauya shi a ofishi da lambar NIN kafin ya kama.

Idan gwaji ya nuna wani layin ya fi, ba sai ka rabu da lambarka ba. Tun 2013 ake iya ƙaura da lamba: ka je ofishin sabon kamfanin da katin shaida, ka cike fom, ka tura PORT zuwa 3232. Ka fara cinye katinka da datarka, don ba sa bin ka.

Roƙonmu ga 'yan'uwa masu sayar da waya a Farm Centre, su riƙa faɗa wa mai saye zangon da wayar ke ɗauka. Wanda kuma sabis ya ci gaba da ba shi wahala, ya kira 300 ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a gyara ba ya kira NCC kyauta a 622 ya ba su lambar.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran waya a birnin Kano