Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya yi wa wayata filashin ya goge mata IMEI

Zuwa ga Manaja,
Sashen Kula da Abokan Ciniki,
Reshen Jos.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wayar da na kawo reshenku gyara, kuka karɓi kuɗina, kuka miƙo mini ita ba ta kira, ba a kiranta. Na fito da maganar bainar jama'a ne saboda teburinku na karɓar ƙorafi ba abin da yake ce mini sai "a dawo gobe", kuma abin da ya same ni zai iya samun duk wanda ya miƙa muku wayarsa da amana.

Matsalar da na kawo ba ta da yawa. Wayar ta sabunta manhajarta da daddare, da safe ta tsaya a kan tambarin kamfani, ta mutu ta kunnu, ba ta wucewa. Ma'aikacinku ya duba ya ce "filashin kawai za a yi mata", wato a sake zuba mata manhaja. Kalmar da aka rubuta a rasit ɗina ke nan, ita kaɗai. Da na karɓe ta, ta buɗe lafiya lau, sai dai babu sabis a duka layukan biyu. Na danna *#06#, inda ya kamata lambobi 15 na IMEI, wato lambar shaidar wayar, su fito babu komai. A jerin sunayen Wi-Fi kuma ga wani baƙon rubutu a sama, "NVRAM WARNING: Err = 0x10". Da na nuna wa ma'aikacin, bai ko karɓi wayar a hannuna ba ya ce injin ne ya lalace, in kawo kuɗin sabon inji.

Injin bai lalace ba. Ƙanena ya yi shekaru yana koyon gyaran waya a wajajen Taminus, shi ya zaunar da ni ya warware mini abin da aka yi, kuma ina so ku ji cewa na fahimta.

Abin da kuke kira filashin ba aiki guda ba ne. Ma'adanar waya a karkase take, kowane kaso da aikinsa. A wayoyi masu injin MediaTek irin tawa, akwai ɗan ƙaramin kaso da ke fara farkawa idan an danna makunni, shi ke tayar da butloda, ita kuma ta ɗauko kason da ke ɗauke da zuciyar Android. Akwai babban kason manhajar kanta, wanda tun daga Android 10 a 2019 aka haɗe shi da na manhajojin da ke sarrafa kayan wayar a rumbu ɗaya. Akwai kason farfaɗowa, da na modem mai magana da turakun sabis, da wanda hotuna da saƙonnin mai waya ke zaune a ciki. Kusan duk waɗannan, in ban da kayan mai waya, suna cikin fayil ɗin da masana'anta ke fitarwa. In sun lalace a sake zuba su, magana ta ƙare.

Amma akwai kason da ba ya cikin wannan fayil, kuma ba zai taɓa kasancewa a ciki ba, domin na kowace waya daban ne. Shi ne NVRAM da 'yan uwansa. Nan aka rubuta IMEI tun daga masana'anta, da adireshin Wi-Fi da na Bluetooth, da awon da aka yi wa eriyar wannan wayar ita kaɗai don ta kama sabis daidai. Wanda ya goge shi bai ajiye kwafi ba, ba zai samo irinsa a intanet ba. Ɗaki ɗaya ne yake yoyo a gidan, sai kuka rushe gidan gaba ɗaya har da akwatin da takardun fili ke ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manhajar da ake wannan aiki da ita, SP Flash Tool, ba ta tilasta wa kowa yin haka ba. Zaɓi uku take bayarwa. Da "Download Only" mai gyara zai sa alama a kan kason da yake so a sake rubutawa kaɗai, ya bar sauran. Akwai "Firmware Upgrade". Sannan akwai "Format All + Download", wanda ke share komai tas kafin ya zuba sabo, kuma ko yaron shago da ya yi wata shida a bakin aiki an gargaɗe shi a kansa. Alamun da wayata ke nunawa na wannan na ukun ne. A cikin manhajar nan dai akwai wurin da ake kwafo kaso a ajiye a kwamfuta kafin a taɓa komai. Da na tambaya ko an ajiye nawa, sai aka dube ni kamar na yi wani yare.

Ba a wayoyin MediaTek kaɗai ake wannan bambanci ba. Mai yi wa Samsung filashin da manhajar Odin yana ganin gurabe a gabansa, BL na butloda, AP na manhaja, CP na modem, sai CSC na saitin ƙasa da kamfanin layi. Ya san idan ya sa fayil ɗin CSC kayan mai waya sun tafi, idan ya sa HOME_CSC za su tsira. Wato duk mai wannan sana'a ya san akwai zaɓi, mai waya ne kawai ake ɓoye wa.

Ba zan zalunce ku ba. Na san akwai lalacewar da ba a iya gyara ta sai an share kayan mai waya, musamman yanzu da wayoyi ke kulle bayanansu ta yadda ba a iya kwashe su idan wayar ba ta buɗe ba. Da an ce mini, "Malam, hotunanka da saƙonninka za su iya tafiya, ka yarda?" da na yi tunani na ba da amsa, in ya so in rungumi ƙaddara. Ba a tambaye ni ba. Kuma ko da na yarda a share hotuna, wannan bai ba kowa izinin taɓa IMEI ba.

Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada. Kabeji, karas, tumatir da dankalin Turawa nake ɗora wa 'yan kasuwa zuwa Kudu, kuma cinikin nan rabinsa a saƙon murya na WhatsApp ake ƙulla shi: buhu nawa aka ɗora, direba wane, saura nawa za a cika. Waɗannan saƙonni su ne shaidata a kan masu riƙe da kuɗina, yanzu babu su. Kayan gwari kuwa ba sa jiran mutum ya gyara waya. Ina lallaɓawa da ƙaramar waya mai madannai don karɓar kira da lambar sirrin banki, amma ba ta tura hoton kaya, wanda bai ga kaya ba kuma ba ya turo kuɗi.

Akwai maganar da dole in sanar da kai, ranka ya daɗe, ko da ba ta iso kunnenka ba. Da na matsa, wani ma'aikacinku ya ja ni gefe ya ce in ƙara wani abu a rubuta mata "wata lamba" ta kama sabis. Na ƙi. Da IMEI jami'an tsaro ke bin sawun wayar sata da wadda aka aikata laifi da ita. Idan lambar da za a manna mini ta wata wayar ce da ake nema, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Tawa lambar tana nan a buge a jikin kwalin wayar, ita ce kuma a rasit ɗin da na saye ta da shi.

Don haka ina neman ku mayar wa wayata da lambobinta na asali da ke jikin kwali, ku gwada kira da intanet a layukan biyu a gabana. Idan an mayar da lambar sabis bai tsaya ba saboda awon eriyar ya tafi, kuɗin sabon inji a wuyanku yake, ba a nawa ba. Ina kuma roƙon ku gyara rasit ɗinku: a rubuta kason da za a taɓa, a rubuta ko an ajiye kwafin NVRAM, a karanta wa mai waya da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Yawancin masu shigowa shagonku Hausa suke yi da ma'aikatanku, bayanin nan ba zai ci minti biyu ba.

Ina jiran amsarku a rubuce kafin ƙarshen wannan wata. Idan ban samu ba, zan kai rasit ɗin gyara da kwalin wayar da hoton allonta gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, in shigar da ƙorafi a can.

Na gode.

Naku,
Abokin cinikinku daga Unguwar Rogo, Jos.