Amsa ga Dakta kan rasiɗin gidan tarihin Berlin

Assalamu alaikum Dakta, ranka ya daɗe.

A bainar jama'a ka tambaye ni: tun da Jamusawa da kuɗinsu suka sayi kayan tagullar masarautar Benin ta Najeriya, har da rasiɗi, da wane baki nake kiran kayan Afirka da ke gidan tarihin al'adu na Berlin ganima? Ka ƙara da cewa da alama ban taɓa buɗe kundin rajistar gidan tarihi ba. Wannan ta biyun ba zan bar ta ta wuce ba. Zo mu buɗe kundin tare.

An kafa gidan a 1873, Adolf Bastian ne jagoransa. A 1880 kayan Afirka da ke ciki ba su kai 4,000 ba, amma kafin 1914 sun haura 50,000. Tsakanin nan ne Jamus ta kama Kamaru da Togo a 1884, sannan a 1889 aka yi doka cewa duk abin da tawagar gwamnati ta kwaso daga ƙasashen da take mulka, Berlin zai fara sauka. Abin da aka samu iri biyu ne ake raba wa sauran gidaje. Felix von Luschan, mai kula da sashen Afirka, har littafin umarni ya buga wa hafsoshi da jami'ai kan abin da za su tattaro.

Kundin da kake tunƙaho da shi hannun ƙarshe yake rubutawa, wato wanda ya miƙa kayan ga gidan. Gunkin Ngonnso na mutanen Nso da ke Kamaru, hafsan soja Kurt von Pavel ne ya ɗauke shi daga Kumbo a 1902, ya kuma shiga gidan a matsayin kyautarsa. Tagullar Benin kuwa, sojojin Ingila ne suka wawushe fadar Oba, wato Sarkin Benin, a Fabrairun 1897, suka sayar wa dillalai irin su W. D. Webster, Luschan ya bi gwanjo har ya tara kusan 580. Rasiɗinka na gaskiya ne, amma tsakanin dillali da gidan tarihi aka rubuta shi. Saniyar sata ko ta ratsa hannu uku a kara, mai ita na nan yana cigiya.

Ban taɓa cewa komai ganima ne ba. Eduard Flegel, Bajamushe mai yawon bincike, ya yi saye a Binuwai da Adamawa, ya ma je Berlin a 1884 tare da madugai biyu Hausawa. Karagar Sarki Njoya na Bamum a Kamaru kyauta ce ga Sarkin Jamus a 1908, ko da yake kyautar wanda ake mulka ga mai mulkinsa tana bukatar a dube ta sau biyu. Shi ya sa ake bin kaya ɗaya bayan ɗaya: a ɗauki lambar da ke jikinsa (na yammacin Afirka da III C suke farawa), a nemo ta a kundi, a karanta wasiƙun da suka rako shi, sannan a duba rahoton soja a ga inda mai bayarwar yake a watannin. Aikin kan cije idan alamar ta ɓace ko an rubuta sunan gari a karkace. Ga kuma dubban kayan da sojojin Sobiyat suka kwashe zuwa Leningrad bayan yaƙin duniya na biyu, suka biyo ta Leipzig, ba su koma Berlin ba sai bayan 1990.

Batun da ka yi cewa da an bar kayan Benin a gida da gara ta cinye su, gara ba ta cin tagulla, kuma sun yi ƙarnuka a fadar Oba lafiya lau.

Abin mamaki, Jamus da kanta ta sa hannu kan yarjejeniya ranar 1 ga Yulin 2022, sannan a watan Agusta ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin fiye da 500 na Berlin. Su masu riƙon sun saki, kai ne har yanzu kake ta kare su. Ban ce takardun gayyata zuwa tarukan Turai ne suka sa ba, amma mutane suna lura.

Da wannan kaifin harshe ka juyo da shi gida, da an amfana. A 1972 Ekpo Eyo, shugaban hukumar kayan tarihi ta Najeriya a lokacin, ya nemi aron kayan Benin kawai daga Berlin aka hana shi, yau kuma an ba mu, sai muka ɓuge da gardamar wa zai riƙe, har sai da Shugaba Buhari ya mallaka wa Oba a 2023. An yi sata a gidan tarihin Jos a 1987, ana ta haƙe tsoffin gumakan yumɓu na Nok ana fitarwa. In kana da wata tambaya, Dakta, waɗannan ne ke jiran ta.

Wassalam.