Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Magajin Garin Damagaram Kan Titin Kasuwar Dole

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya taya ka riƙo, na rubuto ne a kan titin da ya wuce ta gefen Kasuwar Dole, da halin da mai tafiya a ƙasa da mai keke suke ciki a kansa. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 babu sauran kansilan da talaka zai tare a ƙofar gida ya kai masa kuka. Wuƙa da nama suna hannunka, saboda haka kai ne za a gaya wa.

Ina roƙonka ka je wurin wata ranar Alhamis, ranar da kasuwa take cika, ka bar mota nesa, ka tsaya a bakin titi da tsakar rana lokacin da yara suke tasowa daga makaranta. Abin da za ka fara lura da shi shi ne, gefen da ya kamata mutum ya taka da ƙafarsa ba shi da sauran fili. Mai tebur ya kafa, mai faci ya baje taya da kwanon ruwansa, ɗan ruwa-ruwa ya jera kwalaben mai, 'yan kabu-kabu sun yi sahu suna jiran wanda zai fito da kaya, ga kuma buhunan da aka sauke ba a shigar ba. Wanda ya zo da ƙafa dole ya sauka kan kwalta, ya haɗa kafaɗa da adaidaita sahu da babur da amalanke. Za ka ga tsohuwa da ƙwarya a ka ta sa ƙafa ɗaya a titi ta janye, ta sake sawa ta janye, har sai wani yaro ya kama hannunta sun kutsa da gudu. Za ka ga ɗan ga-ruwa yana tura kura mai jarka goma, kowace tana cin lita 20, wato kilo 200 na ruwa ban da nauyin ƙarfen, kuma duk wanda ya taɓa tura irin wannan kaya ya san ba a tsayar da shi nan take don wani ya danna oda a baya. A garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa kamar namu, wannan bawan Allah aikin hukuma yake yi mata, amma ba a ware masa ko taku ɗaya a hanya ba.

Mai keke kuwa nasa ya fi na kowa wuya, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba. Iskar hunturu da ruwan damina suna tara yashi a bakin kwalta, daidai inda keke ya kamata ya bi. Siririyar tayar keke idan ta shiga yashi sai ta kauce, mahayin ya yi tangal-tangal, saboda haka ɗan makaranta ko magidancin da ya ɗauro buhu a baya yakan gudu daga yashin ya koma tsakiyar hanya, inda direban babbar mota, daga can saman kujerarsa, ba ya ma ganin abin da yake daf da ƙofarsa ta dama. Idan tsautsayi ya afku sai a ce mai keken ne ya shigo. Ya shigo ɗin, amma yashin da ba a kwashe ba ne ya turo shi.

Na san amsar da aka saba bayarwa, cewa mutanenmu ba su da haƙuri kuma ba su san dokar hanya ba, don haka a ƙara wayar da kai a gidajen rediyo. Ban raina wayar da kai ba, amma ina ganin an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya auna gudun abin da ke tahowa, ko da an karanta masa doka kullum safe, kuma makaho da tsoho ba rashin sani ne yake hana su tsallaka titi da sauri ba. Ɗan Adam zai yi kuskure a hanya har abada. Abin da hukuma take da iko a kansa shi ne ko kuskuren zai ƙare da ƙujewar gwiwa ko da makara, kuma abin da yake raba biyun shi ne gudu.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, wato kafin direba ya ga yaro ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ta riga ta shafe wannan tazarar. A gudun kilomita 30 kuwa mita 8 ne da ɗan kai. Ƙarfin bugu kuma ba ya tafiya daidai da gudu, ninkawa yake yi: wanda ya tashi daga 30 ya koma 60 ya ninka ƙarfin da zai bugi mutum da shi sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100, kuma a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, Afirka kuma ita ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya da aka yi a birnin Istokholm na Suwidin a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda mutane da ababen hawa suke cakuɗuwa. In akwai wurin da wannan siffa ta dace da shi a Damagaram, to bakin Dole ne.

Sai dai allo ba ya rage gudu. Direba hanya yake karantawa: idan ta miƙe, ta yi faɗi, ta yi santsi, ƙafarsa da kanta take nutsewa. Mun yi murna da kwaltar da aka shimfiɗa lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa, sa'ad da garin ya karɓi bikin Ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018, kuma ta yi amfani, amma sabuwar kwalta kiran gudu take yi idan ba a gina mata abin da zai tauye shi ba. Jama'a sun gane haka tun kafin hukuma, shi ya sa a wasu unguwanni za ka ga an shimfiɗa igiya mai kauri ko an jera tsofaffin tayoyi ko an yaɓa kankare mai tsini bayan an buge wani yaro. Irin wannan tudun na fushi, wanda ba fenti ba haske, shi ma kayar da mai babur yake yi da dare. Abin da nake nema shi ne a yi shi bisa ƙa'ida: a ɗaga wurin tsallakawa ya yi tudu mai faɗi da shimfiɗaɗɗen kai, tsawonsa daidai da gefen titi, a yi masa farin fenti, a kafa fitila a kansa, a sa shi daidai inda mutane suka riga suka saba tsallakawa, wato gaban ƙofofin kasuwa da makaranta da masallaci, ba inda ya yi wa mai zane kyau a takarda ba. A tsakiyar titin kuma a gina ɗan dandamali inda mutum zai tsaya ya huta, ya tsallaka rabi yana duban hannu ɗaya, sannan ya tsallaka sauran yana duban ɗaya hannun. Wannan ɗan dandamalin shi ne zai sa tsohuwar nan ta daina jiran mai kama mata hannu.

Ba sabon abu nake kawowa ba. A Darussalam ta Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamare da aka fi buge yara a kusa da su, ta yi musu ainihin waɗannan ƙananan ayyuka, tudun rage gudu da wurin tsallakawa da hanyar ƙafa, kuma binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100. A Wagadugu, nan kusa da mu, wasu manyan tituna suna da hanyar keke da babur daban, an raba ta da ta motoci da kankare. Rabawar da kankare ita ce asirin, domin layin fenti kaɗai a garinmu ba zai kwana biyu ba sai ya zama wurin ajiye mota. Inda faɗin titin ya isa, a ware wa keke da kurar ruwa nasu da jerin duwatsun kankare. Inda bai isa ba, rage gudun ya wadatar, muddin masu shara suna kwashe yashin bakin kwalta a kai a kai, ba sai za a yi baƙo ba.

Maganar masu tebur ita ce mai zafi, kuma a nan nake roƙonka ka yi hattara da masu ba da shawarar rusau. An yi rusau a Yamai a 2016, an kwashe rumfuna da dama, kuma duk mai ido ya san mai neman abin sawa a bakin salati yana komawa inda ciniki yake, ko da bayan wata nawa ne. Mai soya ƙosai ba don tana son ƙura take zama a bakin titi ba, a nan mai saye yake. Abin da zai ɗore shi ne a zauna da shugabannin 'yan kasuwa da masu unguwa, a shata iyaka a ƙasa yadda kowa zai gani, a bar wa mai tafiya kamar mita biyu da ba tebur ba babur ba buhu, mai sana'a ya ja baya kaɗan ya ci gaba da sana'arsa da izinin hukuma a hannunsa. Wanda ya san wurinsa tabbatacce ne shi zai fi kowa tsare iyakar. Idan aka nemi fadar Mai Martaba Sultan ta sa baki, maganar za ta fi shiga kunne fiye da takardar tara. Su ma 'yan kabu-kabu da 'yan adaidaita, waɗanda yawancinsu matasa ne da ba su sami wani aikin ba, suna da shugabanninsu. A ware musu tashoshi nesa kaɗan da wuraren tsallakawa domin kada su tare wa direba ganin yaron da ke fitowa, a kuma taimaka musu su sami hular kwano mai inganci a farashin da za su iya.

Manyan motoci suna buƙatar hukunci nasu. Garinmu mahaɗa ce: hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Yamai da Maraɗi zuwa Diffa ta nan ta bi, haka mai lamba 11 daga Agadas da Tanut zuwa Magariya, kuma tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 tankokin mai suka ƙaru a kan hanyoyinmu. Wannan arziki ne, ba mai son a kore shi. Amma sauke kaya a bakin kasuwa daidai lokacin da yara suke tafiya makaranta ko suke dawowa ba dole ba ne, kuma sanya wa manyan motoci lokacin shiga da fita abu ne da sa hannunka kaɗai zai iya tabbatarwa, ba tare da an kashe ko dala ba.

Za a ce maka wasu titunan na gwamnatin ƙasa ne, ba na gari ba. Haka ne, amma shara da fitila da wurin tsayuwa da tsarin bakin kasuwa naka ne, sauran kuma kai ne mai bakin da zai nema a wurin Gwamna da ma'aikatar da ke kula da hanyoyi da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER. Za ka fi samun biyan bukata idan ka je da hujja, hujjar kuwa tana nan a rajistar 'yan sanda da ta 'yan kwana-kwana da ta sashen gaggawa na Babban Asibitin Ƙasa. A tattara su, a ga a wace kwana kuma da wane lokaci aka fi buge mutane. Ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya wannan aiki, su ƙirga masu tsallakawa, su auna gudu, kafin gyara da bayansa.

Za a kuma ce kowa da ajalinsa. Mun yi imani da haka, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, ya kuma umarci masu zama a bakin hanya su ba ta haƙƙinta. Idan wannan ya hau kan mai zaman majalisa a ƙofar gida, to ya fi hawa kan wanda aka damƙa wa garin da ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum 300,000 a gundumominsa biyar, kuma mafi yawansu ba su mallaki mota ba.

Ban ce a gyara Damagaram duka a shekara guda ba, na san asusun gari ba zai ɗauka ba. Roƙona shi ne a ɗauki ɗan yankin nan na bakin Dole, a yi masa wuraren tsallakawa masu tudu da dandamalin tsakiya da fitila, a shata hanyar ƙafa tare da 'yan kasuwa, a sa wa manyan motoci lokaci, a kammala kafin komawa makaranta a watan Oktoba mai zuwa, sannan bayan shekara a fito da alƙaluman a karanta su a rediyo kowa ya ji. Idan sun ragu, a matsa zuwa titi na gaba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin unguwar Sabon Gari, Damagaram