Takardar yafiya da Baba ya dangwala wa hannu ta kashe haƙƙin ƙanwata?

Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ina rubuto maka ne raina a ɓace, domin jiya da daddare na ga takardar da aka sa mahaifinmu ya dangwala wa hannu, kuma tun lokacin ban runtsa ba.

Ƙanwata ce ta yi hatsari a hanyar Kano zuwa Zariya, gab da Kwanar Dangora, yau wata 2 da kwana 9. Motar haya ce ƙirar Sharon mai kujera 7, aka cusa mata mutum 10, biyu a gaba kusa da direba. Tayar baya ta dama ta fashe, direban kuma maimakon ya riƙe sitiyari ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sai ya danna birki da ƙarfi, motar ta wuntsila. Na je na duba tayar da idona. Lambobi huɗun da ke jikinta 2316 ne, wato an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2016. Tsohuwar taya 'yar gwanjo, ga lodi fiye da kima, ga zafin kwalta. Mai motar ya san abin da ya ɗaura, don irin mutanen nan ne da kuɗin balas ya fi musu ran ɗan Adam.

Kada a ce ina jayayya da ƙaddara. Na yi imani da ita, amma addininmu da kansa ya sanya diyya a kan raunin da aka yi bisa kuskure. Ƙashin cinyarta ya karye, an sa mata ƙarfe, mun kashe naira 870,000 zuwa yanzu, kuma likita ya ce nan gaba akwai wani aikin na cire ƙarfen. Ita tela ce, da keken ƙafa take ɗinki, da shi take ciyar da marayunta uku.

Dokar dai na san ta daidai gwargwado. Tun dokar 1945 wajibi ne duk motar da ke kan titi ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna, kuma fasinjan da ya biya kuɗin mota a motar haya yana ciki. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin inshorar ƙananan motocin gida naira 15,000 daga 5,000, ta sa iyakar biyan ɓarnar dukiya naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai, ba ta shafi rauni ko rasa rai ba. Na danna *565*11# na sa lambar motar, inshorarta ta fito, ba ta bogi ba ce, kuma ba ta ƙare ba a ranar hatsarin. Sai dai a nan gizo ke saƙa: an yanke ta ne a matsayin motar gida, alhali haya ake yi da ita. Abin da nake tsoro shi ne kamfanin ya ce an saɓa sharaɗin takarda, ya zame, a bar mu da mai motar.

Na koma kan takardar yafiyar. Ashe kwana 5 da hatsarin, ina asibiti wajen neman jini, mai motar ya kwaso dattawan unguwarsu da wani daga tasha suka je gida. Suka yi ta wa'azi, suka ajiye naira 100,000 wai kuɗin magani, suka fito da takarda da Turanci cewa iyali sun yafe, babu sauran magana. Baba ba ya karanta boko, ba wanda ya fassara masa, kunya ce ta sa ya karɓa. Tun ranar mai motar bai sake leƙo mu ba, wayata ma ba ya ɗauka.

Abin da ke hannuna: hotunan motar da na tayar, lambar wayar fasinjoji biyu da suka yarda su ba da shaida, hoton ƙashi, da rasit na tiyata da na magunguna. Na nemi rahoton 'yan sanda na sashen hatsarin mota tare da zanen wurin da abin ya faru, da rahoton VIO kan lafiyar motar. Gurbi biyu ne ke damuna. A bakin hanya ta tari motar, ba a tasha ba, don haka sunanta ba ya cikin takardar sunayen fasinjoji, sai dai 'yan Road Safety da suka kwashe su sun rubuta sunanta. Na biyu kuma, bayan taimakon gaggawa, gwaggonmu ta sa an kai ta wajen mai ɗori kwana 3 kafin mu mayar da ita asibitin ƙashi. Ba ni na yanke wannan shawara ba, ba na ma gari. Amma na san za su ce ɗorin ne ya ɓata ƙafar, kuma mai ɗori ba ya ba da rasit.

Na manta ban faɗa ba, shekararta 31, da hankalinta, kuma ba ta sa hannu a komai ba, ba a ma tambaye ta ba.

To Barista, shin yafiyar uba tana hawa kan baligar 'yarsa? Mu fara rubuta wa kamfanin inshora takardar neman diyya ne, ko mu shigar da direba da mai mota ƙara tukuna mu sanar da kamfanin? Babbar kotu ko kotun Shari'a? Wa'adin shigar da ƙara shekara nawa ne a Kano? Kuɗin da aka karɓa kuma, mu mayar ko a cire daga abin da za a biya?

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, Baba ya ce shi ya riga ya furta ya yafe a gaban mutane, duk wanda ya tayar da maganar ya zubar masa da mutunci. Yau da safe ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Ita kuma tana kwance, tana tambayata kuɗin makarantar yara. Ta yaya zan bi mata haƙƙinta ba tare da Baba ya yi fushi da ni ba?

Naka mai sauraro a kullum, daga Zariya.