Godiya ga injiniyoyin da suka gyara mana matsalar state ɗin Terraform

Assalamu alaikum. Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin da ke kula da sabobinmu, wato kwamfutocin da manhajojinmu ke aiki a kansu, a nan Kaduna.

Na ga ya dace in fito fili in yi muku godiya, don wallahi kun cire mana kitse a wuta. Mun ɗaga Terraform ɗinmu, manhajar da ke gina mana sabobi da kayan aikinsu, daga siga ta 1.5 zuwa 1.6, shi ke nan umarnin fara aiki na terraform init ya ƙi tafiya, kullum sai ya tsaya a backend, wato wurin da ake ajiye fayil ɗin state, yana ƙorafin ya kasa samo lambar akawun. Wanda ya san aikin nan ya san me ake nufi da state, shi ne fayil ɗin da Terraform ke riƙe lissafin duk abin da ya gina maka, saba da database da netwok, in ya ɓace to kamar ɗan kasuwa ne da littafin bashinsa ya salwanta. Ga shi manhajar da makarantu ke biyan kuɗin zango da ita a kan waɗannan sabobin take, hankalina ya tashi sosai.

Kafin in zo wurinku na tuntuɓi wasu. Ɗaya ya ce in tura kuɗi tukuna kafin ma ya kalli saƙon kuskuren, wani kuma buɗar bakinsa sai cewa ya yi in goge state ɗin mu fara sabo, alhali in aka yi haka Terraform zai ɗauka babu komai a ƙasa, ya nemi sake gina abin da yake nan yana aiki.

Injiniyar da ta karɓi kirana, Allah ya yi mata albarka, maganarta ta farko ita ce "Malam, don Allah kar ka taɓa apply." Apply shi ne umarnin da ke aiwatar da canje-canje a kan sabobin. Ta sa na sauko da kwafin fayil ɗin state, terraform.tfstate, kai tsaye daga bokitin, wato ma'ajiyarmu ta intanet, na ajiye gefe, ta duba ko versioning, tsarin da ke adana tsofaffin kwafin fayil, a kunne yake, sannan ta tambayi inda muke ajiya. Da na ce ba Amazon ba ne, ma'ajiya ce mai aiki da tsari irin na S3, ma'ajiyar Amazon, nan take ta gano bakin zaren. Ta yi min bayani a tsanake cewa sigar 1.6, wadda ta fito a Oktoban 2023, ta sake ginin backend na S3, shi ya sa tsofaffin saituna suka daina dacewa da irin ma'ajiyarmu. A cikin saitunan muka mayar da endpoint zuwa endpoints, force_path_style ya koma use_path_style, ta ƙara skip_requesting_account_id da skip_s3_checksum, sai init da -reconfigure. Kuma ba ta bar layi ba sai da plan, umarnin da ke hasko abin da Terraform zai yi, ya nuna babu abin da zai canza. Ba tsawa, ba nuna min ban iya ba, kowane layi sai ta faɗi dalilinsa.

Maganar kuɗi da rasit duk an yi yadda ya kamata.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan mu'amala ta yi ƙaranci a harkar IT ɗinmu, mutum ya karɓi kwantiragi ya haɗa maka abu ya riƙe password a wurinsa, babu takardar bayani ko shafi ɗaya, ranar da matsala ta taso ka kira wayarsa a kashe, in ya ɗauka kuma ya ce netwok ne. Makarantu da asibitoci da yawa haka ake yi musu kuma ba su da inda za su kai kuka.

Injiniya, Allah ya ƙara basira, ya saka muku da alheri baki ɗaya.