Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke Obalende

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu. Sau uku na kira wayarka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma ga takarda. Mahaifiyarka ta ce tun da aka kama babur ɗinka ba ka sake taka majami'a ba, har ka ce mata, "Me na yi wa Allah?"

Ban ga laifinka ba. Tun 1 ga Yuni 2022 da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas, ba kai kaɗai ka kwana da wannan tambaya ba. Ni ma na taɓa yin ta. A watan Maris na 2016, da rikici ya tashi aka rufe kasuwar Mile 12, kwandunan tumatur ɗina suna ciki. Tumatur kuwa ba ya jiran sulhu. Ranar da aka buɗe, ruwa da ƙudaje na tarar, ga bashin mai kaya a Kadawa yana jirana. Kana ƙarami, ba mu gaya maka ba.

Kafin nan na daɗe ina zuwa sujada, amma addu'ata hadda ce, baki na yi, zuciya na lissafin ciniki. A waɗannan dararen ne na fara yi wa Allah magana kamar mai Uba, wani lokaci da kuka, wani lokaci da fushi. Kuɗi ba su faɗo daga sama ba. Shekara biyu ina biya. Sai dai matan zumunta na sashen Hausa sun riƙa kawo mana gari da manja, har da wata gwauruwa da na san ita ma ba ta da shi. Tun daga ranar na daina raina ƙaramin baiko.

Ana cewa wuya ba ta kisa. Ba zan ruɗe ka ba, takan kashe. A nan Legas Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Disamba 1893, da niyyar kai bishara ƙasarmu. A ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake dawowa. Daga wannan aikin ECWA ɗin da aka yi maka baftisma a cikinta ta fito.

Don haka ka yi hankali da masu sayar da man shafawa suna alkawarin babur zai dawo cikin kwana bakwai. Manzo Bulus ma sau uku ya roƙi a cire masa ƙaya daga jiki, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuma ta zauna. Shi ne ya rubuta a Romawa sura 5 cewa shan wuya na haifar da jimiri, jimiri ya gyara hali, hali ya kawo sa zuciya. Lura da jerin, ba a tsallake na farko.

Ran Lahadi ka shigo mota ka zo Agege, ko ba ka iya waƙa ba ka zauna kusa da ni. Wani dattijon ikilisiya yana neman mai tuƙa masa keke Napep, na ce masa zan kawo ka. Mahaifiyarka ta ajiye maka kuka da daddawa.

Ni ne,
Babanka